Tambaya: yadda za a jera sinadarai a siton masana'antar jima, da batun shiga ramin ruwan datti

Mai Riƙon Sito:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Ƙaramar masana'antar jima ce a wajen Challawa a Kano, ana sarrafa fatun awaki da na tumaki har zuwa matakin jima da sinadarin kurom. An ware ɗaki ɗaya don ajiyar sinadarai, mita 6 ne da mita 9, tsayinsa mita 3, rufin kwano, ƙofa ɗaya, taga biyu. Abin da za a zuba a ciki: buhunan sodiyom salfaid, laim, gishiri, amoniyom salfet, soda ash, garin kurom, sai jarkokin asid na salfurik da na fomik.

Yaya ya kamata a jera su? Wane kayan kariya ne dole, wane ne za a iya jinkirtawa? Sannan kwatar gangunan jima (manyan gangunan da inji ke juya fata a ciki) duka tana zuba ne a rami ɗaya mai zurfin mita 3, kuma leburori kan shiga su kwashe laka sau biyu a shekara. Ana cewa muddin ba a ji warin ruɓaɓɓen ƙwai ba, to ba komai. Haka ne?

Injiniyan Sinadarai:

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta farko a wurina, domin a nan ake asarar rai. Ba haka ba ne, kuma kada a sake barin kowa ya sauka ramin nan bisa wannan magana.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai na iskar haidurojin salfaid ne, wadda ake rubutawa H2S. Hanci yana kama ta tun tana 'yar mitsitsiya, ƙasa da ppm 1 sosai, wato kashi 1 cikin miliyan na iska. Amma idan ta kai wajen ppm 100 zuwa 150 sai ta kashe jin warin gaba ɗaya cikin 'yan mintuna. Mutum ya shiga yana toshe hanci, can sai ya ce ai warin ya tafi, alhali lokacin ne ta yi yawa. A ppm 500 zuwa 700 mutum kan yanke jiki ya faɗi cikin mintuna. Daga 700 zuwa 1000 numfashi ɗaya ko biyu ya isa, ko ihu ba zai samu ya yi ba. Ta kuma fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka take kwanciya a gindin rami, da cikin kwata, da cikin ganga.

Daga ina take fitowa? Ruwan da aka cire gashi da shi, wato na laim da salfaid, pH ɗinsa (ma'aunin ƙarfin asid, wanda ke sauka in asid ya ƙaru) na wajen 12. A wannan matsayi salfaid ɗin yana zaune a cikin ruwa, ba ya tashi. Da pH ya fara sauka sai labari ya canja: a 9 kusan kashi 1 cikin 100 ne ya zama H2S, a 8 kusan kashi 10, a 7 rabi, a 5 kusan dukkansa. Shi kuwa ruwan asid da gishiri da ake jiƙa fata a ciki kafin kurom yana wajen pH 3, na kurom kuma wajen 4. Kwatar da ta haɗa waɗannan ruwaye a rami ɗaya tana dafa guba ne kawai, kullum.

Don a ga girman abin, kilo 1 na salfaid na buhu, mai ƙarfin kashi 60, idan asid ya cinye shi duka zai ba da kusan giram 260 na H2S, wato iska kamar lita 185. Cikin ɗakin sitonka kubik mita 162 ne, wato lita 162,000. Ka raba, za ka samu sama da ppm 1000 a ko'ina cikin ɗakin. Kilo ɗaya tak, a buhun da ke da 25.

Gyaran farko shi ne raba kwata. Ruwan laim ya bi hanyarsa shi kaɗai zuwa raminsa, ruwan asid da na kurom su bi tasu. A shafa wa murafan kwatocin fenti daban-daban don kada sabon ma'aikaci ya juye bokiti inda bai dace ba. A ramin laim a riƙe pH sama da 10, a hura iska ta ƙasa na sa'o'i da dama tare da ɗan manganis salfet, shi ne ke hanzarta mayar da salfaid ya zama abin da ba ya tashi. Sai an auna an ga salfaid ya ƙare tukuna a haɗa shi da sauran ruwa.

Game da kwashe laka, abin da ya fi shi ne kada a shiga sam: famfon tsotso ko motar kwashe masai su yi aikin daga sama. Lakar da ta daɗe a kwance tana riƙe da iska a cikinta, shebur ɗin farko ne ke sako ta. Shi ya sa awon da aka yi kafin a sauka ba ya wadatarwa. Idan shigar ta zama dole, to ga sharuɗɗa, kuma ba a tsallake ko ɗaya:

A toshe duk bututun da ke zuba a ramin, a sa kwaɗo, a tsayar da aikin ganguna. A zura na'urar awon iska da igiya a auna sama, tsakiya da gindi. Iskar oksijin ta kasance tsakanin kashi 19.5 da 23.5, sannan a duba iska mai kamawa da wuta, sannan H2S. A sa injin hura iska mai dogon bututu yana turawa har gindi tun kafin shiga har a fito. Mai shiga ya rataya na'urar a ƙirjinsa kusa da hanci, yawancinsu suna fara kuka a ppm 10, da ta yi kuka ya fito ba jayayya. A ɗaura masa ɗamara mai igiya da za a iya jawo shi daga sama ba tare da wani ya sauka ba. Mutum ɗaya ya tsaya a bakin rami, ba shi da wani aiki sai kallonsa.

Kuma a gaya wa kowa tun kafin ranar: in wani ya faɗi a ciki, ba a bin shi. Da yawan gawarwakin da ake fitarwa daga irin waɗannan ramuka na masu ceto ne. Ɗaya ya faɗi, ɗan'uwansa ya dira, na uku ya bi, duk cikin minti biyar.

Akwai wani wuri da ake mantawa, cikin gangar kanta. Lokacin da ake amfani da amoniyom salfet wajen cire laim, pH na sauka daga 12 zuwa wajen 8 da rabi, salfaid ɗin da ya rage a jikin fata sai ya fara tashi, ga kuma amoniya. A wanke fata sosai bayan laim, a ƙara sodiyom baisalfait kaɗan, kusan rabin kashi 1 cikin 100 na nauyin fata, don ya ci ragowar. Kafin a zuba asid a yanki fata ta wajen wuya inda ta fi kauri, a ɗiga finolftalin, ruwan gwaji mai canja launi. In tsakiyar ta yi jaja-jaja, laim bai fita ba, a ƙara lokaci. Mai buɗe ƙofar ganga ya tsaya a gefe, ya bar ta ta sha iska, kada ya leƙa kansa ciki.

Tsohon Fomani:

Injiniya ya gama magana kan rami. Ni kan sito zan tsaya, ɗana.

Ɗaki ɗaya ba zai ɗauki salfaid da asid ba, ko da an ja musu layi a ƙasa, domin abin da ya zube bai san layi ba. Fitar da asid waje. A gina masa rumfa daban mai inuwa, iska na ratsawa, da ƙasan siminti da aka kewaye da ɗan gini kamar kwami. Kwamin ya iya riƙe kashi 110 cikin 100 na abin da mazubi mafi girma ke ɗauka, kuma kada a yi masa mafita zuwa kwata. A cikin rumfar ma a raba salfurik da fomik, kowa da kwaminsa: salfurik mai ƙarfi idan ya haɗu da fomik yana fitar da kabon monoksaid, irin hayaƙin janareta da ke kashe mutane a ɗaki, ba wari ba launi.

A ɗakin da ya rage, salfaid ya samu kusurwarsa shi kaɗai, a kan katako, nesa da bango da taga. Yana tsotse damshi, da damina buhun da aka buɗe aka bari sai ya narke ya zama ruwa mai cin fata. A ɗaure bakin buhu ko a juye shi a duron roba mai murfi. Kada a yi amfani da mazubin alminiyom ko na kwano, yana cin su. Amoniyom salfet kada ya jingina da laim ko soda ash, in ruwa ya taɓa su tare amoniya ke tashi. Baisalfait ɗin da Injiniya ya ambata shi ma ba ya shiri da asid. A duba rufin kwanon kafin ruwan farko, ɗigo ɗaya a kan buhu ya isa ɓarna. A buɗe ramukan shan iska ta ƙasan bango, ba sama kaɗai ba, tun da iskar da ake tsoro ƙasa take bi.

Salfurik mai ƙarfin kashi 98 ya kusa ninka ruwa nauyi, lita 1 kilo 1.84 ce. Jarka mai lita 25 ta kai kilo 46. Yaro ya gan ta kamar jarkar ruwa ya sunkuce ta, hannu ya gaza, ta faɗi. Don haka ba a ɗaukar ta a ka ko a kafaɗa, a baro ake turawa ko mutum biyu su kama, kuma ba a ɗora ta a wurin da ya fi gwiwa tsawo. Ba a tsotsar tiyo da baki kamar masu fetur, akwai ɗan famfon roba na hannu.

Wajen sirkawa, asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. In aka juya, ruwan farko da ya taɓa asid tafasa yake nan take ya yi tsartuwa zuwa fuska. A fara zuba ruwan sanyi kashi 10 a bokitin roba mai kauri, a kawo asid kashi 1 a riƙa tsiyayawa siriri ana juyawa da sandar roba. Bokitin zai yi zafi, a bari ya huce. Sannan a ba ganga ta ramin da ke tsakiyar sandar da take juyawa a kai, tana juyawa, kashi uku, da tazarar minti 10 zuwa 15. Bokitin asid da ludayinsa su zama masu launi daban, ba sa zuwa wajen salfaid har abada.

In ya zube: a kori mutane, a tare bakin kwata da yashi tukuna, a kewaye shi da yashi, sannan a barbaɗa soda ash daga gefe zuwa tsakiya. Zai yi kumfa, a ci gaba har kumfar ta tsaya. Lita 1 ta salfurik na cin kusan kilo 2 na soda ash, don haka buhu biyu su zauna kusa da rumfar ba a taɓa su. Garin katako da tsumma ba su da amfani, ƙone su yake yi. Babban kuskure kuwa shi ne wani ya ce bari a kashe shi da ruwan laim na rami tun da yana kusa. Wannan ruwan cike yake da salfaid.

Kayan kariya da ba a jinkirtawa: tabarau mai rufe ido ruf ta ko'ina, da garkuwar fuska a kansa lokacin zuba asid, safar hannu mai kauri ta PVC ko niyofirin ko butil da ta kai gwiwar hannu, gaban-riga na roba, da takalmin roba dogo. Siririyar safar asibiti ba ta wannan aiki ba ce. Kafin a sa safa a hura mata iska a matse, in ta sace a yar. Ƙafar wando a saman takalmi take sauka, in aka cusa ta ciki takalmin ya zama mazurari.

Kurom ɗin jima kore ne, cutarsa ƙura da ƙaiƙayin fata, takunkumin ƙura mai kyau da safa sun isa wajen awo. In ka ga gari mai ruwan lemo an rubuta daikuromet, wannan wani abu ne daban, yana huda tsakiyar hanci yana kawo kansar huhu, kada ya shigo sito. Kuma kada a ƙona ɓarɓashin fatar da ta sha kurom, wuta na iya mayar da koren ya zama irin mugun.

Duk mai shiga ganga don wanki ko gyara ya kulle makunninta da kwaɗo, makulli a aljihunsa. An ɗauke wuta ba hujja ba ce, ana dawo da ita ba sallama.

Ma'aikaciyar Jinya:

Baba Fomani, sannu da ƙoƙari. Bari in ƙara abin da za a yi a mintunan farko, kafin asibiti.

Ruwa ne maganin, mai yawa kuma nan take. Fata: a cire rigar da ta jiƙe, da agogo da zobe, ana cikin kwarara ruwa, aƙalla minti 20. In gari ne kamar laim ko salfaid, a kakkaɓe shi da busasshen ƙyalle kafin ruwa. Ido: a buɗe fatar idon da yatsu ko da mutum na ƙi, a karkata kai yadda ruwan ba zai gangara zuwa ɗaya idon ba. Ga asid minti 20, ga laim da salfaid da kostik soda minti 30 ko fiye, a ci gaba da wankewa a mota. Mutane sun fi tsoron asid, amma a ido su laim ne suka fi ɓarna. Asid na ƙona sama ya yi ɓawo, su kuwa narkar da nama suke suna nutsewa, wani lokaci ba tare da zafi sosai ba da farko. Guntun laim kan maƙale a ƙarƙashin fatar ido ya ci gaba da ci, shi ya sa dole likitan ido ya gani ko da mutum ya ce ya ji sauƙi.

Kada a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko bakin mai, ko man shanu. Kada a ce za a kashe asid da soda a jikin mutum, zafi yake ƙarawa. In an haɗiya, a kurkure baki, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. Abin da ya ƙona maƙogwaro da zai shiga, zai sake ƙona shi in ya fito. Mafi yawan haɗiyar daga gorar ruwa ko kwalbar lemo da aka zuba sinadari a ciki take, musamman da zafin bazara, don haka a hana wannan ɗabi'a kwata-kwata.

Wurin wanke ido ya kasance inda mutumin da ba ya gani zai kai cikin daƙiƙa 10, ba ƙofa ba tsani. Na ido yana buƙatar lita 1.5 a minti, na wanke jiki kuwa wajen lita 75 a minti, wato minti 15 ya haura lita 1,100. A ware masa tankinsa a sama wanda ba ya jiran wuta, a yi masa inuwa. Baƙin tanki a ranar Afrilu ruwansa kan yi zafin da ba a iya sa ido a ciki.

Wanda H2S ta kayar, bayan an jawo shi waje, in ba ya numfashi a fara danna ƙirji, a kira 112 ko a nufi asibiti. Ko ya farfaɗo ya ce garau yake, a kai shi, domin huhu na iya tara ruwa bayan sa'o'i. A tafi da takardar bayanin sinadarin, wadda ake kira SDS. Sashe 16 gare ta: na 4 taimakon gaggawa, na 6 zubewa, na 7 ajiya, na 8 kayan kariya, na 10 abubuwan da ba ya haɗuwa da su. Mai sayarwa ne ya kamata ya bayar. A fassara muhimman layukan da Hausa, boko da ajami, a manna a bango.

Mai Riƙon Sito:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Saura ɗaya, Injiniya. Mai gida zai ce na'urar awo da tukunyar iskar numfashi sun yi tsada. Takunkumin nan mai gwangwani biyu a gefe ba zai wadatar a rami ba?

Injiniyan Sinadarai:

Ba zai wadatar ba, Malam. Gwangwanin tace iska yake yi, ba ya ƙirƙirar ta. In oksijin ya yi ƙasa a rami, mai takunkumi da marar shi tare za su faɗi. Kuma in H2S ta taso da yawa lokaci guda, garin da ke cikin gwangwanin cika yake ya bar ta ta wuce, ga shi hanci ya riga ya mutu balle ya yi gargaɗi. A rami sai tukunyar iska ta goyo ko bututun da ke kawo iska mai tsabta daga waje.

Mai gwangwani na aikin fili ne, kamar awon sinadari da buɗe ganga. A tsarin Turai launi ke nuna aikinsa: ruwan toka mai harafin B na H2S da kulorin, rawaya mai E na tururin asid, kore mai K na amoniya, ruwan ƙasa mai A na su tina, fari mai P na ƙura. Wanda aka rubuta ABEK ya haɗa huɗun farko. A rubuta ranar da aka buɗe shi a jiki, a ajiye a leda mai rufewa, don ko a rataye yake yana tsotsar iska yana ƙarewa. Kuma sai ya manne da fata yake aiki, mai gemu cikakke iska za ta bi ta gefe, sai a nema masa irin mai hula da ɗan inji mai hura iska, ko a ba shi wani aikin.

Ga mai gida, lissafin a bayyane yake. Hayar motar tsotso sau biyu a shekara ta fi sayen tukunyar iska sauƙi, kuma ta kawar da shigar baki ɗaya. Na'urar H2S guda ta ratayawa kuwa ba a yin ciniki a kanta, ko don wajen ganguna. Dokar masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai masana'anta alhakin kare ma'aikata daga hayaƙi mai cutarwa da wuraren da iska ba ta ratsawa, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta wajabta masa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF. Ruwan da ke fita waje kuma hukumar kare muhalli ta NESREA na da ta cewa a kansa.

Kafin a sayo komai, zagaya ka duba jan ƙarfen da ke cikin akwatunan wuta kusa da kwata da ganguna, da zoben azurfa a hannun ma'aikata. In sun yi baƙi ƙirin, H2S ce ta taɓa su, kuma wurin da suka fi baƙi nan za a fara kai na'urar.